A Ba Yaro Gamanarsa: Riƙon Samari da Ƴanmata a Birnin Yamai

Duk wanda ya zaga unguwannin Yamai bayan sallar isha'i zai ga abu guda. A Bukoki, a Talaje, a Yantala, har Harobanda a ƙetaren kogi, samari ne zaune a bakin hanya. Ga benci ko tabarma, ga ɗan murhu da gawayi, ga butar shayi tana tafasa. Wannan zama shi ake kira fada. Wata fadar har suna gare ta, an rubuta shi da fenti a jikin bango.

Magidanci ya dawo daga nema, bai samo abin kirki ba. Ya hangi ɗansa a cikinsu, ransa ya ɓaci. Da yaron ya shigo gida sai ya rufe shi da faɗa: "Kai dai ba ka da amfani! Tsararrakinka suna can suna nema, kai kana nan kana dafa shayi." Yaro ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Washegari ya koma fada, ya ma fi jiya daɗewa.

Masu karatu, ku dubi kalmomin nan biyu: fada da faɗa. A rubutu ƴar ƙugiya ce kawai ta raba su. A zaman gida kuwa ɗaya ce ke ciyar da ɗaya. Gwargwadon yawan faɗa a gida, gwargwadon daɗewar yaro a fada.

Babu uban da ke zagin ɗansa don ƙiyayya. Tsoro ne ke sa shi, tsoron kada yaro ya lalace. Amma zagi bai taɓa koya wa kowa sana'a ba. A wannan shafi za mu duba wata dabara da kakanninmu suka yi aiki da ita a gona, mu ga yadda za ta amfane mu a birni.

Laifin yaro ko halin zamani?

Kafin mu ɗora wa yaro laifi, mu tuna hanyar da ƙasar nan ta biyo. A zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, gari da unguwa duk suna da samariya. Akwai sarkin samari, akwai aikin gayya, akwai wasanni. Ɗan lakkwal da ya samu takardar shaida kuwa yakan sa ran aikin gwamnati, domin kuɗin ƙarfen yuraniyom suna shigowa.

Cikin shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta ja da baya. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa tamma 50 ya koma tamma 100. Magani da littattafai da sauran kayan waje suka yi tsada. Ma'aikata sukan yi watanni ba albashi, yajin aiki ya yawaita a makarantu. Cikin waɗannan shekaru ne fada ta bazu a biranen ƙasar. Ana cewa daga Damagaram ta faro.

Mu yi lissafi. Saurayin da ke da shekara 18 a 1994 ya cika 48 a 2024. Ashe samarin da suka fara kafa fada su ne iyayen yau. Da yawa cikin masu faɗan nan sun ɗanɗani zaman rashin aiki, sun kuma san zafin a ce da mutum ba shi da amfani.

Ƴaƴansu su ma sun ga nasu. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya cika ya batse, ya ci gidaje da gonakin shinkafa a unguwannin bakin kogi irin su Lamorde da Kirkisoye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasar takunkumi. Aka rufe iyakoki, shinkafa da magani suka hau, wutar lantarki ta yi ƙaranci. Sai a watan Fabrairu na 2024 aka janye takunkumin. Ga kuma yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Yamai sun zarce miliyan 1, kuma kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Masu neman aiki sun fi guraben aiki yawa nesa ba kusa ba. Ba yaro ne ya jawo wannan ba.

Me yaro ke samu a fada?

A fada saurayi yana da wurin zama nasa. In ya yi magana ana saurare. In bai zo ba ana cigiyarsa. Wani shi ne shugaba, wani ma'aji, wani gwanin dafa shayi. Fadoji da yawa suna tara kuɗi, su taimaki ɗan'uwansu in ya yi rashin lafiya, ko aure, ko suna. Wasu suna share unguwa, suna yashe magudanar ruwa kafin damina. Zamansu na dare yakan hana ɓarayi sakewa. A can ne kuma ake jin labarin inda ake neman ma'aikata.

Akwai kuma fadar da ta lalace, inda ake caca da shaye-shaye. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Don haka ya kamata uba ya san fadar ɗansa. Ya tsaya ya yi musu sallama, ya san sunan shugabansu, ya san ƴaƴan wane gida ne. Uwa ma ta san ƙawayen ƴarta, ta bar su su shigo gida su zauna.

Babban darasin shi ne wannan. Abin da ke jan yaro zuwa fada abu uku ne: a saurare shi, a girmama shi, a ba shi wani aiki da ya rataya a wuyansa. Duka ukun ba a sayen su da kuɗi. Gidan da ya fi kowane talauci yana iya ba da su.

Shekarun da jiki ke canzawa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shekara 10 zuwa 19 a matsayin lokacin tashen balaga. Jiki yana tsawo da sauri, muryar namiji ta buɗe, ƴa mace ta fara al'ada. Likitoci sun gano cewa ƙwaƙwalwa ma ba ta gama nuna ba. Sashenta da ke bayan goshi, wanda ke auna abu kafin a aikata shi, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25. Shi ya sa saurayi ke saurin fushi, yake son burge abokai, yake tuƙa moto kamar ba mutuwa. Sau da yawa ɗanyen kai ne, ɗanye kuwa yakan nuna in an yi haƙuri da shi.

Jiki mai tasowa yana bukatar abinci fiye da da. Kada a yi wa yaro gorin ci. Ƙarancin jini yana yawan kama masu wannan shekaru, musamman ƴanmata saboda al'ada. Alamunsa su ne kasala, jiri, da farin cikin ido da tafin hannu. Yarinyar da ake kira malalaciya wataƙila jini ne ya yi mata kaɗan. Wake, zogale, kifi, da hanta in an samu, duk suna gina jini. Ɗan lemun tsami ko tumatir a kan abinci yana taimaka wa jiki ya ɗauki amfaninsa. Shayi mai ƙarfi kuwa, in an sha shi tare da abinci, yana rage wannan amfani. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu.

Sai barci. Mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare yana shan shayi ko yana latsa salula zai wayi gari da ciwon kai da gajen haƙuri, kuma karatu ba zai zauna masa ba. A yanke lokacin da kowa zai ajiye salula, har da mai gida. Dokar da uba ya fara bi ita ce yaro ke bi.

Dabarar kakanni

A ƙauye, gida yana da gandu, wato babbar gonar da kowa ke nomawa ƙarƙashin mai gida. Amma idan yaro ya fara ƙarfi, uba yakan yanka masa ɗan fili nasa na kansa. A ƙasar Maraɗi ana kiran wannan fili gamana, a ƙasar Kano gayauna. Yaro zai yi aikin gandu tare da kowa. Da marece, ko ranar da ba a fita gandu, sai ya shiga gamanarsa. Shi zai zaɓi abin da zai shuka, gyaɗa ko wake ko riɗi. Abin da ya girbe nasa ne. Da shi zai yi rigar salla, da shi zai fara tarin aure. Ƴa mace ita ma uwa ko kaka takan ba ta kaza ko ƴar akuya, a ce wannan taki ce.

Gamana makaranta ce. A cikinta yaro ke koyon cewa wanda ya makara da shuka zai makara da girbi. A cikinta yake koyon asara da haƙuri da tanadi, tun abin yana ƙarami. Uba bai yi dogon wa'azi ba. Da ya nuna masa iyakar filin, ya riga ya ce masa: na yarda da kai, ka isa a ba ka amana.

Da muka shigo birni mun baro gandu, mun baro gamana. Yaron birni yana kai shekara 17 ba shi da ko abu guda da zai nuna ya ce nawa ne, ni na yi shi. Aike kawai ake yi masa, sai kuma faɗa. To, mene ne gamanar ɗan birni?

Gamanar birni

Na farko, lambu. Yamai gari ne na lambuna. Ga su a bakin kogi wajen Gamkalle da Saga da Gudel, ga su a kwarin Gunti Yena. Mai lambu ya ware wa ɗansa fangali biyu ko uku. Wanda ba shi da lambu ya nemi ɗan'uwa ko maƙwabci ya ara wa yaron. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin salati da kabeji da tumatir da karoti. Salati yana da sauri, wajen wata ɗaya da rabi bayan dashe ana iya kai shi kasuwa. Wannan saurin yana da amfani, domin mai ƙuruciya yana son ya ga sakamako da wuri.

Ko cikin gida ana iya shuka zogale a gefen bango, a riƙa ba shi ruwan alwala. Cikin wata biyu zuwa uku za a fara tsinkar ganye, kuma in an yanke yana sake tohowa. Mutanen Yamai ba sa gajiya da kwaɗon zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto, balle a watan azumi. Ga abinci mai gina jini, ga abin sayarwa.

Na biyu, kiwo. Kaza tana ƙyanƙyashe ƙwai cikin kwana 21. Akuya tana haihuwa bayan wata 5, jar akuyar Maraɗi kuwa ta yi suna wajen haihuwar tagwaye. Mai ɗan hali ya saya wa yaro rago wata uku ko huɗu kafin babbar salla, ya kiwata shi da harawa da dusa. A nemi malamin dabbobi ya yi wa kaji allurar rigakafi kafin sanyi ya shigo, don annoba takan share akurki cikin ƴan kwanaki.

Na uku, sana'ar hannu. A kasuwar Katako ana narka tsohon ƙarfe a yi tukwane, ana ƙera murhu da akwati. A ƙauyen masu sana'a na Wadata ana aikin fata da azurfa. Ga teloli, ga kafintoci, ga masu gyaran moto da salula. Akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM. Yaron da ya faɗi jarrabawar BEPC bai faɗi a duniya ba. Amma kada a jefa shi wurin maigida a juya baya. A san halin maigidan, a riƙa leƙawa, a tabbata ana koya masa aiki, ba aike da duka kawai ba.

Wani yaron kuma baiwarsa tana wani wuri dabam. Abdurrazak Isufu Alfaga an haife shi a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa. A 2016 ya samo wa Nijar lambar azurfa a wasan taekwondo a gasar Olamfik ta birnin Riyo, a 2017 ya zama zakaran duniya. Kafin shi, tun tagullar da ɗan dambe Isaka Dabore ya samo a 1972 ƙasar ba ta sake samun lamba a wannan gasa ba. Ba kowa zai zama zakara ba. Amma a lura da abin da yaro ke yi da son ransa ba tare da an sa shi ba, domin nan ne ƙarfinsa yake.

Sharuɗɗan gamana

Na ɗaya, ta zama tasa da gaske. A ba shi shawara, amma a bar shi ya yanke.

Na biyu, kada a ƙwace ribar. In gida ya shiga matsi, a roƙe shi rance, a kuma biya. Uban da ya sayar da ragon ɗansa ba da saninsa ba ya kashe masa zuciyar nema.

Na uku, asara ba laifi ba ce. Kaji za su mutu, tsutsa za ta ci kabeji. A zauna a binciki dalili, a sake gwadawa. Babu manomin da bai taɓa yin asarar shuka ba.

Na huɗu, a rubuta. A sayi ɗan littafi, a sa abin da aka kashe a shafi ɗaya, abin da aka samu a ɗaya shafin. Ku da kuka koyi karatu da girmanku, ga inda iliminku zai yi aiki. In lissafi ya rikice, ku ce wa yaron ya nuna muku. Ba abin kunya ba ne. Yaron da ya koya wa mahaifinsa abu ba ya mance ranar.

Na biyar, kada gamana ta cinye karatu. Ɗan lakkwal ya yi ta da marece da ranakun hutu, kamar yadda ake yin ta bayan aikin gandu.

Sa albarka

Mu mutane ne masu kunya. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a gaban mutane. Wasu kuma suna tsoron kada yabo ya sa yaro girman kai, ko baki ya kama shi. Sai ya zama laifi ana faɗarsa da ƙarfi, alheri kuwa ana yin shiru. Yaro ya tashi bai taɓa jin ya yi daidai ba.

Alhali harshenmu cike yake da kalmomin ƙarfafa zuciya. "Sannu da aiki." "Madalla." "Ka kyauta." Mafi girmansu ita ce "Allah ya yi maka albarka." Kowa ya san nauyin bakin iyaye. In muna tsoron mugun baki ya bi yaro, sai mu yarda cewa kyakkyawan baki ma yana bin sa.

Yabo mai amfani shi ne wanda ya ambaci aikin. Ga misali. Uba ya tarar da ɗansa ya gama ban ruwa.

"Kai ne ka gyara bakin fangalin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Na ga ruwa ba ya zuba waje yanzu. Ka yi dabara. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba."

Maganar ba ta da tsawo, amma yaron zai kwana da ita.

In za a yi gyara, a kiyaye abu huɗu. A keɓe, kada a yi gaban ƙanne ko abokai. A jira fushi ya sauka. A ɗauki laifi ɗaya, kada a tono na bara. A soki aikin, kada a soki asalin yaro. "Abin da ka yi jiya bai dace ba" tana barin ƙofar gyara a buɗe. "Kai ba za ka taɓa yin albarka ba" tana rufe ta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A guji kuma kwatanta yaro da ɗan maƙwabci, domin hassada kawai take haifarwa. Ƙarfafa zuciya ba sakaci ba ne. Lokacin dawowa gida, salla, da girmama manya suna nan daram. Sai dai a bayyana dalilin doka, a kuma ji ta bakin yaro.

Inda kunya ta hana, a nemi mai shiga tsakani. Kawu, gwaggo, ko kaka mai wasa da jika suna iya jin abin da yaro ba zai faɗa wa uba ba. Ɗa na kowa ne. Uba yana iya yabon ɗansa wurin kawu, ya san maganar za ta isa.

Ƴa mace

Matsin da ke kan yarinya ya fi na namiji. In abinci ya yi wuya, ita ake fara cirewa daga lakkwal, a ɗora mata talla ko a yi mata aure. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin ƴanmata 4 a Nijar, wajen 3 ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba tana cikin haɗarin doguwar naƙuda, wadda ke jawo yoyon fitsari ko rasa rai. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ƴa mace.

Ga kuma matsin waje. Ƙawaye suna da sabon zane da babbar salula, ita ba ta da su. Akwai maza masu kuɗi da ke fakon irin wannan. Yarinyar da ba ta taɓa jin daɗin baki a gida ba, wanda ya fara gaya mata magana mai daɗi a waje shi zai ja ta. Wadda ke da kazarta, da ɗinkinta, da ɗan kuɗinta ba ta saurin ruɗuwa da kyautar wani.

Uwa ta yi wa ƴarta bayanin al'ada tun kafin ta zo, don kada ta tsorata ko ta ɓoye. In talla ta zama dole, a yi ta da rana, cikin unguwa, tare da ƴan'uwa, kada a shiga ɗakin kowa. Kada a ce mata sai ta sayar duka za ta dawo, domin wannan kalma ta jefa yara da yawa cikin halaka. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991, sun nuna yadda ƙaramin zubi na mako-mako ke zama jari. Uwa ta koya wa ƴarta wannan tanadi tun tana gida.

Idan ƙwaya ta shigo

Tramol maganin kashe zafin ciwo ne, likita ne ya kamata ya rubuta shi. Amma ana sayar da shi a ɓoye, samari masu aikin ƙarfi suna sha don kada su gaji, wasu kuma don su mance damuwa. Yana kama jiki har mutum ya kasa bari. In ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Wasu yaran kuma sholisho suke shaƙa, ko su sha wiwi.

Alamun da za a lura da su: canjin hali farat ɗaya, rama, rashin barci ko barcin da ya wuce kima, ɓatan kuɗi a gida, sababbin abokai da ake ɓoyewa. In an gani, kada a ɗaure yaro, kada a kore shi. Wanda aka kora, hannun masu sayar da ƙwayar zai faɗa. A kai shi likitar unguwa. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ya daɗe yana sha, in ya bari rana ɗaya jikinsa zai yi ciwo ƙwarai, saboda haka da taimakon likita ake rabuwa da ita. In jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa komai a baki, a gaggauta zuwa asibiti.

Haka nan yaron da ya daina ci, ya daina hulɗa, ko ya ce ya gaji da duniya, kada a ce shagwaɓa ce. A zauna da shi, a saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi likita.

In aljihu ya bushe

Iyaye da yawa suna ɓoye wa ƴaƴansu halin da gida ke ciki, sai abin ya fito ta hanyar fushi. Yaro kuwa ya ɗauka ba a son sa. Gara a faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa: "Watan nan kuɗin haya sun sha kaina. Takalminka sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda." In an yi alkawari a cika, in ba a iya ba a faɗi dalili. Yaro mai shekara 15 yana iya zama a lissafa kuɗin cefane da shi. Wanda aka yi shawara da shi yakan rage roƙo, ya fara tunanin yadda zai taimaka.

Jama'a, farashin shinkafa ba a hannunmu yake ba, haka ma cikar kogi. Abin da ke hannunmu shi ne abin da za mu ce wa yaro in ya shigo gida, da abin da za mu damƙa masa. Cikin makon nan kowane magidanci da kowace uwar gida su duba: wane abu guda zan ba ɗana ko ƴata, in ce wannan naka ne, wannan naki ne? Ko kaza ɗaya ce, ko zogale biyar a gefen bango, a fara. In sun yi ƙoƙari a faɗa musu da baki, su ji da kunnensu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a nemanmu. Amin.